Ɗigon Walda Uku a Tukunyar Marigayi

Ni mai walda ne. Ban yi makarantar kowa ba, a bakin titi na koyi sana'ata, da ƙuna a hannu da tartsatsi a ido. Mutane suna cewa ina da zuciya. To, ina da ita. Amma duk wanda zai yi mini wa'azin haƙuri, ya fara ajiye yayan matarsa a falonsa wata goma sha uku, sannan ya zo mu zauna mu yi magana.

Yayan matata kwana uku ya ce zai yi. Ya zo da jaka ɗaya da doguwar farar hula irin ta masu girki, ya zauna a doguwar kujerata, shi kenan. Yanzu kujerar ta lotsa daidai siffar bayansa. Rimot ɗin talabijin a ƙarƙashin filonsa yake zama. In na dawo daga aiki ina son miƙe ƙafa, sai na yi sallama a falona, a ce in dakata Yaya yana canja kaya.

Sunan da unguwa ta laƙaba masa Kukun Jirgi, domin ba ya buɗe baki sau biyu bai ce "lokacin da muke jirgi" ba. A faɗarsa, shekara bakwai ya yi yana dafa wa kyaftin abinci a tsakiyar teku, igiyar ruwa tana jifa da tukwane shi yana cafewa. Matata ta taɓa gaya mini a ɓoye cewa jirgin nan injinsa ya mutu tun kafin a haife ta, an ɗaure shi a bakin ruwa an mai da shi gidan abinci, kuma Yaya kwanuka yake wankewa a ciki. Ta ce in rufa masa asiri. Na rufa. Yau dai na gaji.

Gidanmu na haya ne, ɗakuna goma sha biyu zagaye da tsakar gida, famfo ɗaya, igiyar shanya uku. A ƙofar gida akwai shago, da ɗan ɗaki a bayansa wanda katifa za ta shiga har ta bar wurin ajiye takalmi. Tela ya tashi daga ciki, shago ya zama ba kowa. Mutum biyu suka nuna suna so. Na farko Mai Aski, wanda shekara shida yana aski a gindin bishiyar ƙofar gida, madubinsa rataye a ƙusa, in aka yi ruwa ya bar mutum da rabin kai. Na biyu Kukun Jirgi, wanda ya ce zai buɗe wurin kek irin wanda unguwar nan ba ta taɓa gani ba ko a mafarki.

Ni kek bai dame ni ba. Ɗan ɗakin nan na baya nake hange. In Yaya ya samu shago, ya samu wurin kwana, ni kuma na samu falona.

Mai gidan tsohuwa ce, muna kiranta Gwaggo Mai Makullai, saboda tarin makullan da ke rataye a ƙugunta. Kafin ka gan ta ka ji ta. Ba ta da yawan magana, amma abin da ta faɗa sau ɗaya ba ta sake shi. Ranar Talata ta tara su biyun a tsakar gida. Mai Aski ya faɗi nasa a jimla biyu. Kuku ya yi minti ashirin, har da yadda kyaftin ya yi kuka ranar da suka rabu.

Gwaggo ta saurare shi har ya gama, sannan ta dube ni ta ce, "Mai Walda, shiga ƙuryar ɗakina, ƙarƙashin gado, jawo mini abin da ka gani."

Na jawo. Tukunyar ƙarfe ce baƙa, mai gajerun ƙafafu uku, nauyinta kamar injin babur. Murfinta shimfiɗaɗɗe ne, da ɗan leɓe zagaye da shi, yadda in ka zuba garwashi a kai ba zai gangaro ba.

"Ta marigayi ce," in ji Gwaggo. "Awon hanya yake yi, sai ya yi wata uku a daji, da ita yake girki. Duk sanda ya dawo, sai ya yi mini kek ɗin cakulan a cikinta, a nan inda kake tsaye. Shekara goma sha ɗaya rabona da ɗanɗanon nan. Ranar Asabar ƙawayena za su zo ƙarfe huɗu. Kuku, ka yi mini irinsa, shago naka ne. In ba haka ba, Mai Aski ya ciro madubinsa daga bishiya."

"An gama, ranki ya daɗe," in ji Kuku.

"Ba a gama ba, saurara. Kada ka cika ta, rabi za ka zuba. Garwashi takwas a ƙasa, sha shida a kan murfi. Duk bayan minti goma ka juya tukunya dama, murfi hagu. Kada ka riƙa buɗewa. Minti arba'in, ka sauke."

Kuku ya yi wani murmushi irin na likitan da majinyaci ke koya wa allura.

"Gwaggo, Allah ya jiƙan marigayi, amma shi sha'awa ce ta sa shi girki. Mu sana'armu ce. A jirgi ba ma ƙirga garwashi. Wuta ta san muryata."

Mai Aski ya gyara tsayuwa ya ce, "Ashe a jirgin ruwa ma ana hura gawayi, Kuku?"

"Kai ka ji da gashin mutane. Ka taɓa ganin ruwan da ya wuce na bokitinka?"

"Ban taɓa ba. Shi ya sa nake tambayar wanda ya wanke kwano a cikinsa."

Na dubi matata. Ta dubi igiyar shanya. Ashe asirin da nake ta rufewa kowa a gidan yana da nasa kwafin.

Ranar Asabar tun da hantsi Kuku ya kafa sansani a tsakiyar tsakar gida. Matata ta haɗa masa kaya: fulawa, ƙwai, bota, sukari, garin cakulan gwangwani biyu, da bekin foda, hodar nan da ke sa kek ya tashi. Ya sa farar hularsa, ya ɗaura zanen teburina a ƙugu, ya karɓe bahon wankin matata ya ce a nan zai kwaɓa. Gwaggo ta fita da safe, ta ce za ta biya ta ɗauko ƙawayenta su dawo tare. Da tana nan, da wannan labarin bai samu ba.

Akwai wata a ɗaki na huɗu, muna kiranta Rediyo. Ba a yin tari a gidan nan ba ta watsa shi ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna kusa da shi kamar an ba ta aikin sa ido.

"Kuku, ba ka auna fulawar ba."

"Ma'auni na 'yan koyo ne. Hannuna sikeli ne."

"Ɓawon ƙwai ya faɗa ciki."

"Na gani. Yana ƙara ƙarfin ƙashi."

Ya zuba rabin kwaɓin a tukunya, ya ɗebo garwashi da shebur ɗina ya watsa ƙasa da sama ba ƙirge. Daga nan aka fara karatu. Duk wanda ya gifta ya ce sannu da aiki, sai Kuku ya tsai da shi, ya ɗauki filayata ya ɗaga murfi don ya nuna masa yadda masana ke yi. Mai kawo ruwa ya gani. Mai karanta mita ya gani. Wata mata da ta yi ɓatan hanya tana neman gidan ungozoma, ita ma sai da ta gani. Kuma duk ɗagawa sai murfin ya karkace, toka ta zuba ciki. Sau ɗaya har garwashi guda ya faɗa tsakiyar kwaɓin ya yi "cuuu" ya nutse.

"Toka ma tana cikin haɗin?" in ji Rediyo.

"Kyaftin ba ya cin kek sai da ɗan ƙamshin hayaƙi."

Da ya zagaya banɗaki, Rediyo ma ta ɗaga ta leƙa. Ya dawo ya kama ta da filaya a hannu. To, abin nema ya samu.

Ƙarfe goma sha biyu da rabi aka sauke. Ƙasan ya ƙone ƙurmus, saman kuma ruwa ne tsululu mai launin siminti. Kajin maƙwabta suka zo suka duba suka koma.

Kuku ya tsaya a tsakiyar gida yana nuna Rediyo da ludayi. "Kun gani? Mutanen gidan nan ne. Kowa sai ya leƙa. Iska ta shiga, ido ya shiga, baki ya shiga. Ta yaya kek zai tashi a gaban wannan jama'a?"

"Sau ɗaya na buɗe, kai sau tara. Ina ƙirgawa."

"Buɗewar masani daban, ta jahili daban."

Ya kankare tukunyar, ya wanke. A nan na ga lallai ya yi aiki a jirgi, don wankin nan ba ƙarya, har ƙyalli take. Ya juye sauran kwaɓin duka, ya ƙara fulawa da ruwa don ya yi auki, tukunya ta cika har baki.

"Rabi Gwaggo ta ce, Yaya," in ji matata.

"Rabi na matsorata ne. Baƙi huɗu za a ba wa, ga 'yan kallo."

Ya ɗauki gwangwanin bekin foda ya kife shi gaba ɗaya a ciki, wai lokaci ya ƙure, gara ya tashi da wuri. Ya rufe murfi. Sannan ya juyo ya dafa kafaɗata, abin da na tsana a duniya.

"Suruki, ɗauko injinka."

"In yi me da shi?"

"Ɗigo uku kawai. Ka like mini murfin nan da tukunya. In ga ɗan da zai sake leƙawa."

Na zaci wasa yake. Na duba fuskarsa, babu wasa a ciki, babu komai ma a ciki.

"Yaya, wannan ƙarfen zubi ne. Ba ya son walda, ba ya son duka, in ya yi zafi ba ya son ruwa. Ba ya lanƙwasa kamar sauran ƙarfe, fashewa yake. Kuma tukunyar mamaci ce."

"In ya gasu ba sai ka goge ɗigon da injin giranda ba? Minti nawa ne?"

"Minti ɗaya."

"To."

"Ta ina za ka san ya gasu, murfi a like?"

Ya taɓa hancinsa. "Kuku na gaske da wannan yake gani."

"Juya murfin da aka ce ka riƙa yi fa?"

"Suruki, kana son in samu shagon nan ko ba ka so?"

Nan ya kama ni. Na waiga na hango falona ta taga: singiletinsa a kan talabijin, safarsa a hannun kujera, kofin shayinsa a kan hoton aurenmu. Matata ta matso ta ce a hankali, "Baban yara, ɗigo uku ne fa." Na san ƙarfe shekara ashirin da biyu. Na san abin da nake shirin yi haramun ne a sana'ata. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, na jawo waya, na rufe fuska, na ɗiga uku. Kuma tunda ni ba na aikin banza, ɗigon nan ko mota aka ɗaura masa zai ja ta.

Ƙarfe ɗaya da rabi tukunya ta koma wuta. Wannan karon Kuku bai tsaya wasa da shebur ba, rabin buhun gawayi ya juye, ya binne ta har ba a ganin komai sai tudun wuta. Ya shiga falona ya fito da fankata ta tsaye, ya kunna ta a lamba uku, ya saita ta a kan tudun. Garwashi ya yi jawur kamar maƙera.

Gaskiya ɗaya ce, minti ashirin na farko ƙamshin da ya tashi a gidan nan ban taɓa jin irinsa ba. Mutane suka fito daga ɗakuna suna lumshe ido. Rediyo ma ta yi shiru, abin da bai taɓa faruwa ba tun da ta tare. Mai Aski ya leƙo daga gindin bishiya, fuskarsa ta faɗi. Ni kuwa har na fara tunanin inda zan mai da kujerar in an fita da jakar.

Kuku ya karɓi tef ɗin awona ya fita ƙofar gida yana auna goshin shago.

"Suruki, allon suna za ka yi mini, taku goma. A sa hoton jirgi, ni kuma ina tsaye a kai. Kai kuma, Mai Aski, kada ka damu. In ruwa ya sauko ka riƙa fakewa a barandata. Amma ban da gashi kusa da kek."

"Na gode, Kuku. Wancan hayaƙin ma na cikin tsarin?"

Muka koma ciki da sauri. Ƙamshi ya juya. Yanzu warin taya ne da aka ƙona a kan sukari. Tukunyar tana wani fito siriri daga cikin tudun wuta, wani baƙin abu kamar kwalta yana tsattsafowa ta ƙarƙashin murfi, yana gangarowa, yana kamawa da wuta. Matan gida suka ruga kwashe shanya.

"Yaya, a sauke. Minti arba'in ta ce, an yi hamsin."

"Minti arba'in na rabin tukunya ne. Cikakkiya sai awa biyu. Lissafi ne, ba walda ba."

"Ko a lissafin naka tamanin ne."

"Da kuɗin ruwa."

"Kuka fa take yi."

"Haka suke yi in suna tashi. A jirgi har waƙa muke bi da shi."

Na ce a sauke, ya ce a bari. Na ɗauko shebur, ya tare ni da ludayi. Na faɗi wasu maganganu a kan jirginsa da kyaftin ɗinsa da ba zan rubuta su a nan ba, matata ta shiga tsakani tana cewa in dubi girman Yaya. Na ce na duba, wata takwas ina dubansa a kan kujerata. A haka muka ci fiye da awa guda. Fito ya tsaya. Kwalta ta daina fita. Tukunya ta yi shiru irin shirun da ba na alheri ba.

Ƙarfe uku da rabi Kuku ya shaƙi iska, ya yi tari, ya ce, "Yanzu ya yi."

Muka ture garwashi da shebur. Tukunyar ta fito, gindinta har wani ja-ja yake yi. Zafinta ya hana a matsa kusa. Na naɗe hannu da tsumma, na sa tabarau, na jona giranda. Ta ɗauka, na kai ta kan ɗigo na farko, tartsatsi ya fara tashi.

Sai aka ɗauke wuta.

Giranda ta yi wani kuka ta mutu a hannuna. Fanka ta juya sau uku ta tsaya. Gidan ya yi tsit, har ana jin famfo yana ɗiga.

"A nemo janareta," in ji Kuku.

Janareta ɗaya ne a layinmu, na mai kanti. Kuma yana shagona a kwance tun ranar Laraba, tankinsa a cire, ni ne na ce masa ya dawo Litinin. Rediyo ta san haka, kuma ta sanar.

"Akwai zarton ƙarfe," na ce. "Amma sai ta huce in iya riƙe ta. Awa guda a ƙalla. A bar ta ta huce da kanta."

Ban rufe baki ba muka ji ƙarar makullai daga zaure.

Gwaggo ta shigo da ƙawayenta uku, dattijai masu jiki, kowacce cikin fararen kaya an sha guga, da jaka a hannu da turare. Kallo ɗaya za ka san tun a mota ake ba su labarin kek ɗin marigayi. Matata ta jera musu kujeru. Suka zauna suna fifita da hannu, suna ƙoƙarin kada su nuna suna jin wari. Mutanen gida suka cika ƙofofin ɗakuna. Mai Aski ya shigo da wanda yake yi wa aski, tawul a wuya, rabin kai a aske. Masu wucewa ma da hayaƙi ya kira suka tsaya a zaure.

Gwaggo ta zagaya tukunyar sau ɗaya. Ta sunkuya ta dubi bakin murfi. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dube ni.

"Mai Walda, wannan hannunka ne."

Na ɓoye giranda a bayana.

Kuku ya gyara hula ya shiga gaba. "Ranki ya daɗe, sabuwar fasaha ce. Ana kulle ƙamshin ne a ciki, kada ko ɗigo ya tsere. Manyan otal-otal duk haka suke yi yanzu."

Ɗaya daga ƙawayen ta ce, "To ai ya tsere, ɗana. Tun daga bakin titi ya tarbe mu."

"Wannan na waje ne, Mama. Na cikin yana nan lafiya. Hucewa kawai ya rage, kuma yanzu za a yi."

Na ga ya nufi famfo. Na ga ya ɗauki bokitin Rediyo cike da ruwa. Wallahi na yi tsalle, na ce, "Yaya, kada ka..." Amma tsakanina da shi akwai kujeru huɗu da tsofaffi huɗu.

Ya sheƙa.

Abin da ya fara tashi tururi ne da toka, gajimare guda, ya rufe tsakar gida. Sannan aka ji ƙara ɗaya, "ƙas", ba mai ƙarfi ba, kamar an karya busasshen reshe. Duk mai sana'ar ƙarfe ya san wannan ƙarar. Har cikin haƙorina na ji ta.

Da hayaƙi ya lafa, fararen kayan baƙi sun koma launin jaki. Ɗaya tana tari, ɗaya tana goge tabarau, ta ukun tana tofar da toka cikin ladabi a hankici. Tukunyar marigayi ta rabe biyu daga baki har gindi, ta buɗe kamar kwakwa. Ɗigona uku kuwa suna nan daram, ko gezau.

Daga tsakiya wani abu ya fito, baƙi ƙirin, zagayayye, mai kaurin tayar baro. Ya faɗo a gefensa, ya gangara, ya bi ta gaban baƙi a hankali kamar mai gaisuwa, ya wuce famfo, ya je ya daki ƙafar Mai Aski ya kwanta. Ƙarar da ya yi a siminti irin ta murfin kwalbati ce.

Da mai kunya ne, da nan ya tsaya. Kuku ya bi shi da faranti, ya ɗauko da tsumma, ya ajiye a teburi gaban baƙi.

"Ɓawon ne ya ɗan yi ƙarfi. Haka ake so, yana tsare laushin ciki. Ƙanwata, wuƙa."

Matata ta miƙa wuƙa ba ta dube shi ba. Ya danna, wuƙa ta zame. Ya sake dannawa da hannu biyu, wuƙa ta lanƙwashe.

"In kawo reza?" in ji Mai Aski.

"Ko a jira a kawo wuta a sa giranda," in ji Rediyo.

Wanda ake yi wa aski ya matso da rabin kansa, ya ƙwanƙwasa abin da ɗan yatsa, ya ce shi birkila ne, in akwai irinsa guda ɗari biyu yana so.

Dariyar da mutane ke dannewa ta fashe, daga zaure har ɗaki na goma sha biyu. Kowa ya yi, ban da mutum biyu. Ni, da Gwaggo.

Ita ba ta ko kalli kek ɗin ba. Ta durƙusa a gaban tukunyar, da fararen kayanta, a cikin ruwan toka. Ta kai hannu kusa da inda ya tsage, zafi ya hana ta taɓawa, ta bar hannun a nan a sama. Dariya ta mutu da kanta.

Ta miƙe. Ta kwance makulli ɗaya daga ƙugu, ba ta ko laluba ba, ta miƙa wa Mai Aski.

"Je ka ƙarasa wa bawan Allah nan kansa a cikin inuwa."

Kuku ya ce, "Gwaggo, in aka ba ni dama ta uku..."

"Takwas a ƙasa, sha shida a sama," in ji ta. "Wanda bai iya ƙirga ashirin da huɗu ba, ba zan ba shi ƙofar gidana ba." Sannan ta juyo kaina. "Shi bai sani ba, kuma bai san bai sani ba. Kai fa?"

Na ce, "Na sani, Gwaggo."

"To ka san abin da za ka yi."

Kwana uku na rufe shagona a kan tukunyar nan. Na yanke ɗigona da hannuna. Na gasa ɓarin biyu a hankali, na haɗa su da jan ƙarfe kaɗan-kaɗan, na binne ta a yashi ta huce da kanta yini guda, yadda ƙarfen zubi yake so. Ta kama. Tabon yana nan, layi ɗaya mai ruwan zinariya daga baki har gindi. Na kai wa Gwaggo. Ta shafa tabon da yatsa, ta ce in mayar ƙarƙashin gado. Da na fito ta kulle ɗakin da makulli biyu.

Yau wata biyar kenan. Mai Aski yana cikin shagonsa, ya sa fanka da kujera mai juyawa. Ƙofar shagon iska tana yawan bugo ta, don haka ya tokare ta da kek ɗin. Ruwa ya dake shi, rana ta dake shi, babur ya taɓa bi ta kansa, babur ɗin ne ya je wurin gyara.

Kuku a can yake yini yanzu, a bencin masu jiran layi. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa abin da ke bakin ƙofa.

"Ka ga wancan? Aikina ne. Wata biyar, ko tururuwa ba ta iya da shi ba. Abincin jirgi kenan, don doguwar tafiya ake yin sa. Tukunyar ce ba ta da inganci, sai kuma aka haɗa ni da mai walda ɗan koyo."

Da yamma ya dawo falona, ya miƙe a kujerata, ya laluba ƙarƙashin filo ya ciro rimot. Shekaranjiya yake tambayata ko tukunyar gas ɗin waldata za ta iya daskarar da madara, wai akwai wani askirim da kyaftin yake so.

Ƙofar falon nake kallo. Ta ƙarfe ce, ni na ƙera ta, kuma na san daidai inda ɗigo uku za su zauna. Matata ta ce to mu ta ina za mu riƙa shiga? Na ce ta taga, ai muna da lafiya.

Jira kawai nake ya fita, a kuma kawo wuta. Har yau abubuwan nan biyu ba su haɗu ba.